Dinny na Alley Oop da dabbobin kwarin Turok: wanne ya fi kusa da gaskiya?

Ɗan'uwa, ka ce yaronka ya ɗauki son zanen dainaso, waɗannan manyan dabbobin da muke kira kakannin ƙadangare, kuma ka ci karo da tsofaffin labaran zane guda biyu na Amurka, Alley Oop da Turok, kana son sanin wanne ya fi zana dabbobin daidai. A taƙaice, Turok ne. Amma bambancinsu ya wuce na kyawun alƙalami, domin ba aiki ɗaya dabbar take yi a cikinsu ba.

Alley Oop ne babba a shekaru. V. T. Hamlin ya fara shi a ƙarshen 1932, ya bazu a jaridun Amurka daga 1933. Hamlin ya taɓa aiki a filayen haƙar mai na Teksas, inda ya yi hulɗa da masana duwatsu har sha'awar ƙasusuwan da suka zama dutse ta shige shi. Jarumin nasa ƙato ne ɗan zamanin kogo, mai gatarin dutse, mazaunin masarautar Moo, ƙarƙashin Sarki Guz. Abin hawansa kuwa Dinny, dainaso mai doguwar wutsiya da jerin ƙayoyi a gadon baya.

Kada ka wahalar da kanka neman jinsin Dinny a littafin kimiyya, babu shi. Haɗe-haɗe ne, an ɗebo nan an ɗebo can. Kuma akwai dalili. Labarin jarida 'yan akwatuna uku ko huɗu ne a kullum, mai karatu yana buƙatar ya gane kowa da kallo ɗaya. Don haka Dinny ba naman daji ba ne, ɗan gida ne: yana da fuska, yana fushi, yana biyayya, ana hawansa kamar doki, yana bin ubangidansa kamar kare. A 1939 ma Hamlin ya shigo da na'urar ƙetare zamani ta Dakta Wonmug, Oop ya riƙa yawo cikin tarihi, dabbobin suka ja baya a labarin.

Turok, Son of Stone ya fito a 1954, a matsayin cikakkiyar mujallar zane daga kamfanin Dell, daga baya Gold Key, ya kai har 1982. Turok da matashin abokinsa Andar 'yan asalin Amurka ne na kafin zuwan Turawa, waɗanda suka faɗa wani kwari da duwatsu suka kewaye, suka rasa hanyar fita. Su biyun suna kiran dabbobin ciki honkers, saboda irin kukan da suke yi. A nan babu hawa babu shafa kai. Dabbar haɗari ce, ko ka guje mata ko ka harbe ta da kibiya mai dafi. Kuma tunda kowace fitowa tana son sabuwar barazana, masu zanen, musamman Alberto Giolitti, sun riƙa kawo jinsuna na gaske waɗanda yaro zai iya ganewa: Tiranosoras mai ƙananan hannaye, Tiraiseratos mai ƙaho uku, Istegosoras mai faranta a baya. Akwai nauyi a jikinsu, akwai inuwa, akwai tsoka. Wanda yake son koyon yadda ake sa dabba ta cika shafi, a nan zai koya.

Wurin da na fi son ka lura shi ne yadda kowannensu ya haɗa mutum da dainaso. Duka biyun sun haɗa, amma ba hanya ɗaya ba. Alley Oop cewa yake a zamanin da can, mutane da waɗannan dabbobi tare suka rayu. Wannan kuskure ne babba, domin dabbobin sun ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, jinsin ɗan'adam kuwa, a lissafin masana, bai wuce shekara dubu 300 ba. Turok bai ce haka ba. Shi cewa ya yi sun ɓace a ko'ina sai a wannan rufaffen kwari, shi ya sa jaruman suke mamakin ganinsu. Ƙirƙira ce, amma ƙirƙirar da ta amince cewa akwai tazara. A wajena wannan ya fi kyan zanen muhimmanci.

Sai dai Turok yana da nasa tarkon, kuma ya fi na Dinny wuyar ganewa. Babu yaron da zai ɗauki Dinny da gaske. Dabbobin Turok kuwa an zana su da natsuwa, kamar hoton littafin makaranta, alhali sun tsufa a ilmance. Masu zanen wancan lokaci daga manyan zane-zanen gidajen tarihi suka sha, irin na Charles R. Knight da kuma zanen bangon da Rudolph Zallinger ya kammala a Jami'ar Yale a 1947. Shi ya sa za ka ga Tiranosoras a miƙe, kai sama, wutsiya tana jan ƙasa. Yanzu an san ba haka yake tafiya ba. Jikinsa a kwance yake bisa ƙafafu biyu, kai a gaba, wutsiya a ɗage a baya tana daidaita nauyi. Sawayen da aka tarar a kan duwatsu da wuya su nuna alamar jan wutsiya. Canjin fahimtar ya kankama ne bayan John Ostrom ya yi bayanin Dainonikas a 1969, ƙaramin mafarauci mai zafin nama, sannan a 1996 aka samu dainaso mai gashi irin na tsuntsu a ƙasar Sin. Af, ko sunan nan namu na kakannin ƙadangare yana buƙatar gyara, domin tsuntsaye ne jikokinsu, ba ƙadangaru ba.

Kwarin Turok kuma ya cakuɗa zamunna. Istegosoras ya rayu kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce, Tiranosoras kuwa miliyan 68 zuwa 66. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakaninmu da Tiranosoras. Masu fikafikan fata da ke shawagi a saman kwarin su ma ba dainaso ba ne, dangi ne kawai.

Da ni ne kai, Turok zan ba shi ya kwaikwayi hannu, in ajiye masa sabon littafin kimiyya na yara kusa da shi. Ka sa shi ya zana Tiranosoras sau biyu, ɗaya yadda yake a mujallar, ɗaya da wutsiya a ɗage, ya faɗa maka abin da ya sauya. Ka dai leƙa shafukan tukuna idan shekarunsa ba su kai ba, don akwai farauta da kisa a kusan kowace fitowa. Alley Oop kuwa ku karanta tare don nishaɗi, ka gaya masa tun daga shafin farko cewa babu wanda ya taɓa hawan dainaso.