Rumfar da ta raba MP3 ɗin Baba da fayilolin da suka ƙi goguwa

Baba yana da wata 'yar MP3 baƙa, ba ta fi akwatin ashana girma ba, da memori mai giga 16 a cikinta. Tun da idonsa ya yi rauni ita ce abokiyar zamansa: karatun Alƙur'ani da asuba, tafsiri bayan la'asar. Ni nake zuba masa abubuwan ji daga kwamfutata, kuma ni na jawo matsalar. Ina cikin tura masa wani dogon tafsiri aka kira ni a waya, na fizge kebul na miƙa masa na fita.

Washegari ya ce na'urar tana tsayawa cak idan ta kai wani wuri. Da na jona ta da kwamfuta sai na ga fayiloli bakwai da sunaye kamar tafiyar kaza a kan yashi, ɗaya ma wai an ajiye shi a 1980. Na danna gogewa, Windows ta ce fayil ɗin ya lalace, ba ya karantuwa. Na gwada sauya suna, ta ƙi. Na gwada gogewa daga cikin na'urar kanta, ta sandare sai da na tsikari ramin risat da allura.

Ranar Asabar na nufi kasuwar waya ta Farm Center a nan Kano. Mai rumfar farko ko kallon kirki bai yi mata ba ya ce bairos ne, fomat kawai za a yi, wato a share duk abin da ke cikin memorin. Na ce akwai karatun da aka ɗauka a masallacin unguwarmu shekarun baya, ba ni da shi a ko'ina. Ya ɗaga kafaɗa. Na karɓi abata na yi gaba.

Rumfar da nake son ba da labarinta tana can ciki, ƙarama ce, benci ɗaya, wani matashi da tsohuwar laftof wadda aka ɗaure murfinta da salatif. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, kafin mu taɓa komai, bari mu kwashe masu lafiyar tukuna." Wannan maganar ce ta sa na zauna. Ya zare memorin, ya sa a abin karanta memori, domin a cewarsa wasu na'urorin idan aka jona su da kebul ba sa fitowa da harafin da kwamfuta ke ba filashi, kamar E:, kuma in babu harafin, umarnin gyaran ba shi da inda zai kama. Ya kwafe folda bayan folda zuwa laftof ɗinsa, yana tsallake bakwai ɗin nan.

Daga nan ya buɗe baƙin allon rubuta umarni ya rubuta chkdsk E: /f. Na tambaye shi me wannan yake yi, ya yi mini bayanin da har yau ban manta ba. Ya ce memori irin wannan tsarin FAT32 yake bi, yana da wani teburi kamar littafin mai shago, inda ake rubuta wane kaya ne a wace kanta. Idan aka cire kebul ana tsakiyar rubutu, littafin zai ce akwai kaya a wuri kaza, a je a tarar da wani abu dabam. Shi ya sa gogewa take gagara, kwamfuta ba ta san daga ina zuwa ina za ta share ba. Ita kuwa 1980, daga shekarar ne lissafin kwanan wata na tsarin FAT yake farawa, ba aljani ba ne.

Bai kai minti biyar ba aka gama. Sunayen banzan suka ɓace, wata ɓoyayyiyar folda mai suna FOUND.000 ta bayyana, cike da guntaye irin su FILE0000.CHK. Ya sauya wa biyu mafiya girma ƙarshen suna zuwa mp3, sai ga muryar malamin tana fita, rabin darasi a ɗaya, 'yan mintoci a ɗayan. Sauran shara ce, ya goge su, suka gogu salin alin.

Abin da ya fi burge ni shi ne memori jere a gilashin gabansa, na sayarwa, amma bai tallata mini ko ɗaya ba. Ya dai ce jabu sun yi yawa, waɗanda ake rubuta musu giga 32 alhali cikinsu bai kai haka ba, kuma su ma irin wannan ɓarnar suke yi da zarar sun cika. Ya gwada sauran filin nawa da wata manhaja, H2testw, wadda take cika wurin da bayanai ta sake karanta su. Ya ce, "Naka na gaske ne, Malam, hannunka ne dai ya yi sauri."

Wurin yana da nasa aibin. Aikin da bai wuce minti 40 ba ya ci mini kusan awa biyu, domin duk wanda ya leƙo da fasasshen gilashin waya sai ya ajiye nawa ya karɓi nasa. Ga zafi, ga ƙarar janareto a bayan kunne. Kuma sai da na tuna masa sannan ya share kwafin fayilolina daga laftof ɗinsa; ni karatu ne kawai, amma mai hotunan iyali ya tsaya ya ga an goge da idonsa. Naira 1,500 ya nema, ban yi ciniki ba.

Da na dawo gida na'urar ta ɗan jima tana sabunta jerin abin da ke cikinta, sannan ta kama aiki. Baba ya sa abin ji a kunne, ya lalubo darasin da ya tsaya a kai, ya ce in sake zuba masa tafsirin nan, amma wannan karon in zauna har ya gama shiga.