Mai karon da ya gyara mana bakin bahon wanka

Salamu alaikum ƴan uwa. Yau dai na ce sai na ba da shaida kan wani bawan Allah mai aikin karo, wato tayil ɗin da ake mannawa a bango da ƙasa, da ya yi mana gyara a dushi, wato ɗakin wanka, don wallahi kusan shekara 2 ina fama da wannan abu kuma na san akwai gidaje a nan Damagaram masu bahon wanka da suke cikin irin halin da na shiga.

Gidan da muke ciki a Sabon Gari akwai baho irin na farar roba mai kauri ɗin nan, an kewaye shi da karo. To jowan ɗin, wato simintin da ake cusawa tsakanin karo, shi ne ya tsage daidai bakin bahon tun daga wajen robine har kusurwa. Da farko siriri ne kamar zare ban ma kula ba, sai ya fara yin baƙi, sai bangon ɗakin yara da yake bayan dushin ya fara kumbura fenti yana ɓarewa, ga wani fari-fari kamar kanwa yana fitowa a jiki, ga warin danshi in ka shiga da safe, katifar autana ma sai da na janye ta daga jikin bangon don tari ya dame shi.

Sau biyu ina kiran wani mason, duk zuwan abu ɗaya yake yi, ya kwaɓa farin siminti ya shafe bisa tsohon ya karɓi kuɗinshi ya tafi. Na biyun ma a tsakiyar zafin Afrilu ya yi, kafin la'asar abin ya bushe ƙarau, ko wata 2 bai kai ba ya sake buɗewa a wuri guda. Raina ya ɓaci sosai.

Wannan na yanzu maƙwabciyata ce ta haɗa ni da shi. Ya zo bisa kabu-kabu da ƴar jakarshi, bai taɓa komai ba sai da ya bi karon ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da bayan turnabis yana saurare, guda 2 na ƙasa suka yi ƙara kamar an buga ƙwarya, ya ce waɗannan ruwa ya riga ya shiga bayansu sun saki. Sannan ya ce babban ɗana ya shiga cikin bahon ya tsaya, ya ce Hajiya duƙo ki duba. Wallahi da idona na ga tsagar ta ƙara buɗewa, yaron na fita ta koma. Ya ce kin gani Hajiya, baho motsi yake yi, in nauyi ya hau shi ya sauka kaɗan, in ruwan zafi ya taɓa shi ya buɗe, shi ko siminti ba ya lanƙwasa, ko sau goma aka shafa sai ya fashe. Tsakanin karo da karo jowan ake sawa, amma tsakanin karo da baho silikon ne aikinshi don shi yana miƙewa kamar roba. Shekara 2 ba wanda ya taɓa yi mini wannan bayani.

Kwana 3 ya yi. Ranar farko kankarewa kawai, ya cire tsohon simintin tas da wuƙa da wani siririn ƙarfe a hankali don kar ya karce bahon, abin da ya fito daga ciki baƙi ƙirin da jiƙaƙƙen yashi, ya wanke wurin da jabel, ruwan nan na kashe ƙwayoyin cuta da farar da kaya, ya ce a kunna fanka a bar ƙofa buɗe, kar wanda ya watsa ko ɗigon ruwa, wai silikon ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Ya kuma ja mini kunne kar in kuskura in haɗa jabel da asid ɗin wanke karo, hayaƙinsu guba ne. Rana ta biyu ya maida karo biyun da suka saki ya cika jowan ɗinsu, yana bi da soso mai laima don zafinmu kar ya busar da shi da wuri.

Rana ta ukun ce muka ɗan ja da shi. Ya ce sai an cika bahon da ruwa kafin ya sa silikon. Na ce Malam a Zinder kake fa, kwana 4 robine bai ɗiga ba, kowa ya san garin nan bisa dutse yake zaune ruwanmu daga nesa ake turo shi, su Arunguza da Ganaram. Ya ce Hajiya ki yi haƙuri, in aka sa shi baho ba nauyi, ranar da aka cika zai ja shi ya yage, amma in an sa tsagar tana buɗe to shi ke nan ya zauna. Haka na kira mai ga-ruwa ya kawo bido 6 masu lita 25, lita 150 ke nan, nauyin kilo 150 zaune cikin baho. Ruwan bai tafi a banza ba, da shi muka yi wankin sati daga baya.

Ya manna sikoc, wato tef mai manne, sama da ƙasan tsagar, ya ja silikon ɗin da bindigar matsa shi layi guda bai tsaya ba, ya tsoma yatsa a ruwan sabulu ya bi ya daidaita sannan ya cire sikoc ɗin tun abin yana ɗanye, layin ya fito sumul fari tas. Silikon ɗin tare muka je kankayeri, wato shagon kayan gini, wajen Kasuwar Dole muka saya, ya ce a duba wanda aka rubuta na dushi ne mai maganin baƙin danshi, kuma a duba kwanan watan jikinshi don tsoho ba ya bushewa da kyau. Warinshi kamar binegar har yaji yake yi a ido, sai da aka yi awa 24 ba a taɓa ba sannan muka kwashe ruwan.

Inda ban ji daɗi ba guda biyu ne, rana ta biyu ya ce ƙarfe 9 bai zo ba sai bayan azahar kuma bai kira ba, sannan bai toshe ramin ruwa ba lokacin kankarewa, ɓarɓashin ya shiga sai da ya dawo ya zaro shi, amma bai nemi ƙari ba. Kuɗin hannunshi jika 10, kaya kuma kusan jika 6, ni dai ban ga tsada ba in na tuna abin da na zubar a baya.

Yanzu wata 7 ke nan, damina ta wuce hunturu ya shigo, layin yana nan ko gezau, bangon yara ya bushe warin ya tafi, na maida katifar auta wurinta. Fenti ne ya rage, ya ce in ƙara haƙuri har bazara bangon ya gama shan iska sannan a kankare a shafa.