Wata takwas da mayar da saitin Solr ɗinmu cikin ZooKeeper, ga abin da na gani

Ni dai aikina kula da injin bincike na wata manhaja da 'yan kasuwar yadi ke saka kayansu, yawanci 'yan Kantin Kwari ne sai kaɗan daga Sabon Gari, mutum ya rubuta shadda ko atamfa ko leshi kaya su fito masa da farashinsu. Apache Solr, wato manhajar da ke gudanar da binciken, muke amfani da shi a kan na'ura uku, kuma da can kowace na'ura ita ke riƙe da nata fayilolin saiti, su solrconfig.xml da fayil ɗin tsarin bayanai da synonyms.txt inda muke haɗa kalmomi masu ma'ana ɗaya. In na canza ko layi ɗaya ne sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kwafa. Tsohon tsarin yana da hanyar tura fayiloli daga babbar na'ura zuwa sauran, amma sai waɗanda ka lissafa masa da hannunka, mu kuma ba mu saka synonyms.txt a ciki ba.

Abin da ya sa na haƙura da wannan tsari ana saura kamar sati biyu ƙaramar Sallah ya faru, lokacin da kasuwa ta fi zafi. Na ƙara cewa atampa da atamfa abu ɗaya ne, haka leshi da les, saboda kowa da yadda yake rubutawa a waya, na kwafa a na'ura biyu sai aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta wani aikin ya ɗauke min hankali, ta ukun ta zauna da tsohon fayil. Kwana huɗu wallahi muna fama, mutum ya nemi atampa ya ga kaya, ya sake nema bayan minti ɗaya ya ga babu komai, don ya danganta da na'urar da tambayar ta faɗa wa. Wani Alhaji mai shago ya kira ni da kansa yana cewa "Malam, ina kuka kai min kayana?" na ce ranka ya daɗe kayanka suna nan, amma ni kaina ban san inda gizo ke saƙar ba, domin babu na'urar da ta nuna kuskure, kowacce a ganinta daidai take aiki. Abin ya dame ni sosai saboda cinikin mutane ne a tsakiyar kakarsu.

Bayan Sallah muka koma SolrCloud, tsarin Solr da ke haɗa na'urori su yi aiki tare, wanda ya zo tun Solr 4.0 a 2012, mu ne dai muka makara. A nan saitin yana zaune wuri ɗaya cikin ZooKeeper, wata manhaja daban da ke ajiye saiti tana raba wa na'urori, ka tura shi da umarnin upconfig, ka ba da umarnin reload don a sake karanta shi, duk na'urorin su ɗauki abu iri ɗaya. Ranar da muka ƙara na'ura ta huɗu ban kwafa mata fayil ko ɗaya na bincike ba, adireshin ZooKeeper kawai na ba ta ta jawo saitin da kanta. Tun daga lokacin ba a sake samun sakamako kala biyu ba, kuma ni wannan kaɗai ya biya ni wahalar ƙaurar.

Amma fa yana da nasa nauyin, kar wani ya ce ban faɗa ba. ZooKeeper da rinjaye yake aiki, in kana da guda uku dole biyu su kasance a raye, shi ya sa guda biyu ba su fi ɗaya amfani ba, kuma wanda ke zuwa a cikin Solr ɗin na gwaji ne kawai. Mu da farko duka ZooKeeper ɗinmu ukun kan inbata ɗaya muka jona su, ranar da batir ya sauka cikin zafin watan Afrilu suka mutu tare. Bincike ya ci gaba da amsawa, amma sabon kaya da canjin farashi suka ƙi shiga sam, masu shago suna ta turo sabon farashi shiru. Washegari muka raba su, ɗaya a kan sola, ɗaya ma a wani ofishin daban. Sannan akwai iyakar girman fayil, wajen megabayit 1 ne, in jerin kalmominka ya wuce haka sai ka taɓa jute.maxbuffer, saitin da ke riƙe da wannan iyakar, a kowane ZooKeeper da kowane Solr, ni dai rage fayil ɗin na yi na huta.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne yadda gyara ke isa ko'ina lokaci ɗaya haka kuskure ma yake isa. Yanzu duk saitin yana cikin Git, manhajar da ke adana tarihin kowane canji, sai na gwada a kan ƙaramin tarin bayanai na gwaji kafin in tura, kuma yaron da ke taya ni aiki na ce masa kar ya kuskura ya yi upconfig daga kwamfutarsa kai tsaye. Haka in ka canza yadda ake sarrafa kalmomi lokacin ajiya, kamar mayar da ƙ ta zama k da ɗ ta zama d don masu rubutu babu lanƙwasa, ZooKeeper ba zai gyara maka tsofaffin bayanai ba, sai ka sake loda su gaba ɗaya.

Ba komai na kai tsakiya ba. Yawan memori da Java, wanda Solr ke gudana a kansa, zai ci yana nan a fayil ɗin solr.in.sh na kowace na'ura, saboda biyu masu gigabayit 16 ne, biyu kuma 8, ba zai yiwu a ɗinka musu riga ɗaya ba. In na'urarka ɗaya ce tak ban ga dalilin ɗaukar ZooKeeper ba, amma daga uku zuwa sama ni ba zan koma kwafa da hannu ba, ko da kuwa sai na sayi ƙarin batir kafin azumi mai zuwa.