Harsashin ƙirar kanka ko .375 H&H, wanne za ka sa kuɗinka?

Maganar da ke yawo tsakanin masu sha'awar babbar bindigar farauta a nan Damagaram ita ce wai mutum ya zauna ya ƙirƙiro nasa samfurin harsashi, abin da Amurkawa ke kira wayildikat, har ya laƙaba masa sunansa. Yana yiwuwa kam. Jack Lott ya yi haka da .458 Lott bayan ɓauna ta ji masa rauni a Mozambik, shi ma .35 Whelen haka ya faro kafin kamfanin Remington ya ɗauke shi a 1988. Amma can suna da masu yanka ƙarfen da ake fafe mazaunin harsashi da shi, da masu ƙera abin matse kwanso, da ɗakin auna ƙarfin matsin albarushi, mu nan wa zai auna maka? Maƙerin da ke gyaran bindigar toka gwani ne a sana'arsa, amma wannan matsin yakan haura bar 4000 (bar shi ne ma'aunin matsi) kuma dab da fuskarka yake tashi. Ga kuma duwan, rubutun da ke gindin kwanson ba zai yi daidai da na jikin bindigar ba tunda daga wani kwanso ka sarrafa shi, a ƙasashe da dama wannan kaɗai ya isa a riƙe maka kaya a filin jirgi.

Ni dai .375 H&H Magnum nake cewa a saya, ba na ɓoyewa. Holland & Holland na London suka fito da shi a 1912 don ƙasashe masu zafi, kwanson na da tsawo kuma yana tsukewa a hankali zuwa sama, shi ya sa yake shiga sumul ya fita sumul ko da ƙarfe ya ɗau rana. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu a Zinder ya san me nake nufi, zafi na ƙara wa albarushi matsi, kwanso ya kumbura ya maƙale, kai kuma ga dabba a gabanka. Harsashinsa mai giram 19 da ɗoriya na fita da gudun mita 770 ko kusa da haka a daƙiƙa, ya isa ɓauna, kuma dukan da yake yi wa kafaɗa mutum na iya jurewa har ya koyi saiti da kyau. A ƙasashen Afirka da yawa shi ne mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a tunkari dabba mai haɗari da shi, kuma duk shagon da ke sayar da harsashin manyan namun daji a duniya za ka same shi.

.416 Rigby na 1911 yana da kyau, matsinsa ƙasa yake, sai dai tsada da nauyi. .458 Winchester na 1956 tun farkon fitowarsa aka yi ta kuka da shi kan albarushin da ke dunƙulewa a zafi. 9,3x62 na Otto Bock, ɗan Jamus, ba laifi, amma ba ko'ina ake yarda da shi kan ɓauna ba.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, 'yan'uwa. An taɓa sayar mini da kwali mai sunan kamfani a jiki, ashe tsofaffin kwansuna ne aka sake ɗura wa albarushi, na biyu da na harba sai da aka sa sanda ta baki aka fito da kwanson. Tun daga nan ba na kallon kwali. Juye harsasan duka a tabarma ka jera su tsaye, in wani ya fi wani tsawo ka bar su. Duba rubutun gindi, in kwali ɗaya kamfani biyu ko uku ne, cuta ce. Duba ɗan maɓallin tsakiyar gindin ko ya zauna daidai, duba wuyan kwanson ko akwai tsaga ko karce. Kwalin da ba shi da lambar rukuni kar ka taɓa. Ita ma bindigar a nemi tambarin gwaji na CIP, hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da gwajin bindigogi, a jikin ƙarfen in ta Turai ce, lambarta ta yi daidai da ta takarda, in ka ga alamar an goge lamba to tashi ka bar wurin, duk wanda ya ce maka "Alhaji kawo kuɗi, takarda daga baya" gidan kaso yake nema maka.

Sai permi na riƙe makami, sai na farauta daga ma'aikatan gandun daji bisa dokar 98-07 ta 1998. Kuma a tuna babu ɓauna a dajin Damagaram, Termit da Tin Tumma gandu ne tun 2012 ba a harbi a ciki, wannan bindigar ta mai tafiya Kamaru ko Tanzaniya ce. Mai neman zabi da kurciya bindigar kalibar 12 ta ishe shi.