Inshorar gwamnati ko ta kamfani: amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya

Malam, ka tambaya wanne ya fi dacewa da ɗan kasuwa mai mata da 'ya'ya uku, tsarin inshorar lafiya na gwamnati ko na kamfani mai zaman kansa. Na yi amfani da duka biyun, kuma shawarata ita ce ka shiga na gwamnati.

Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, saboda haka ina cikin tsarin tun ana kiransa NHIS, wanda aka yi dokarsa a 1999 amma bai fara aiki ba sai 2005. A 2022 aka sauya dokar, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta koma NHIA, kuma sabuwar dokar ta wajabta wa kowane ɗan Najeriya ya kasance yana da inshorar lafiya. Katina ya ƙunshi ni da uwargida da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Shekaru na yi ina ganin katin ba shi da wani amfani da ya wuce maganin zazzaɓi, sai ranar haihuwar autarmu. Naƙuda ta yi tsawo, wajen ƙarfe biyun dare likita ya fito ya ce yarinya ta zo a gicciye, dole a yi tiyata. Ina tsaye a baranda ina lissafin wanda zan buga wa waya a wannan lokaci in nemi rance, sai wata ma'aikaciyar jinya ta karɓi katin daga hannuna, ta duba lambarsa da fitilar wayarta, ta ce in je in zauna, za su nemi lambar izini daga masu kula da inshorar, aiki ba zai jira ta ba. Kwana biyar suka yi a kwance. Da aka sallame su, abin da na biya shi ne kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magunguna, sai wata allura ɗaya da ba su da ita na sayo a kemis. A gadon da ke kusa da namu akwai wata baiwar Allah da aka yi wa irin wannan aikin, mijinta kuwa sai da ya sayar da babur ɗin da yake sana'a da shi. Har yau idan na tuna fuskarsa nakan ji nauyi a zuciyata, domin ba shi kaɗai ba ne, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya yake fitowa.

Na kamfani kuma na saya wa mahaifiyata shekara guda, saboda katina bai haɗa da iyaye ba. Asibitin yana da tsafta kuma babu dogon layi, wannan ba zan hana su ba. Amma da hawan jininta ya tashi aka kwantar da ita, sai aka nuna mini wani layi a takardar da na sa wa hannu, wai ciwon da mutum ya shigo da shi ba ya cikin abin da suke biya a shekarar farko. Ban sabunta ba.

Bambancin yana cikin yadda aka gina kowanne. Kamfani yana sayar maka da kariya mai iyaka: akwai adadin kuɗin da ba zai wuce ba a shekara, akwai watannin jira kafin ya ɗauki nauyin haihuwa ko tiyata, kuma farashi yana hawa gwargwadon shekarun mutum. Mai ƙaramin ƙarfi tsari mafi araha zai saya, wanda shi ne iyakarsa ta fi kusa, sai ya zamana ranar da babbar lalura ta zo ita ce ranar da za a ce masa kuɗinsa ya ƙare. Tsarin gwamnati kuwa asusun haɗin gwiwa ne da masu rajista suke zubawa, mai lafiya ya ɗauki nauyin marar lafiya, shi ya sa a jihohinmu ake kiransa taimakekeniya, kuma wannan suna ya kwantar da hankalin mutane da yawa da ke da shakku kan inshora ta fuskar addini.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba, don kada ka je ka ga abin da ban faɗa maka ba. Za ka yi sammako ka bi layi. Sau da yawa za a rubuta maka magani a ce babu shi a ɗakin magani, ka fita ka saya da kuɗinka. Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin da ka zaɓa lokacin rajista, sai an samo lambar izini kafin a tura ka wajen ƙwararren likita, kuma wannan lamba takan ɗauki lokaci, domin ko a tsarin gwamnatin tarayya ma kamfanonin da ake kira HMO ne suke shiga tsakanin hukuma da asibiti. Ga kuma yajin aikin likitoci da yakan tsayar da asibitocin gwamnati. Maganin rabin waɗannan matsaloli shi ne zaɓen asibiti. Mutane da yawa ba su san cewa akwai asibitocin kuɗi da hukuma ta amince da su a cikin tsarin ba. Kafin ka rubuta sunan wani a fom, ka je da ƙafarka, ka tsaya wajen tagar masu kati, ka tambayi mutum biyu ko uku da ke layi ko suna samun magani a ciki.

Tunda kai ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ƙofa biyu gare ka. Akwai shirin GIFSHIP na hukumar NHIA, wanda aka yi domin ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, ana biya shekara-shekara. Akwai kuma hukumar jiharka, kamar KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna, waɗanda suke karɓar 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Ka tambayi farashin bana a ofishinsu, kuma ka sani cewa katin ba ya fara aiki ranar da ka biya, saboda haka kada ka jira sai ciwo ya zo.

Sannan ka yi hattara da masu yawo kasuwa da jaka da fom suna cewa su wakilai ne. Wasu sukan karɓi kuɗi a hannu su ba ka kati mai kyan gani, sai ka je asibiti a duba kwamfuta a ce babu sunanka. Kada ka tura kuɗi asusun da ke ɗauke da sunan mutum, kada ka biya ba tare da rasit na hukuma ba, kuma duk wanda ya ce maka tsarinsa yana biyan kowace irin cuta ba iyaka, ka nemi ya nuna maka a rubuce.

Ka yi wa iyalinka duka rajista a na gwamnati, ka ware ɗan wani abu duk wata domin maganin da za a ce babu. Allah ya ƙara wa iyali lafiya.