Shagon tura waƙoƙi a Taminus

Idan tsofaffin waƙoƙin Turawa kake nema a Jos, akwai wani ɗan shago a layin masu gyaran waya da ke Taminus. Benci ɗaya ne, da kwamfuta mai tsagaggen gilashi, da wani yaro mai zafin nama. Miƙa masa memori ko filashi, kafin ku gama gaisawa da na kusa da kai ya cika maka. Kuɗin ma ba na kuka ba ne.

Abin da ya burge ni shi ne jerin kayansa. Ba ruwansa da wanda ke tashe a Amurka, abin da mutanen gari ke tambaya shi ne a sama. Shi ya sa Don Williams ke kan gaba, har ya sha gaban Michael Jackson. "Baba, direbobin Bauci da Abuja ba sa ɗaukar hanya sai da shi," in ji yaron. Gaskiyarsa. Mu da muka tashi a garin nan da muryar mutumin muka sha sanyin Disamba, a rediyo da kaset ɗin mota.

Ɗan Texas ne, an haife shi a 1939, ya rasu a 2017. A ƙasarsu waƙoƙinsa 17 sun hau lamba ɗaya, amma a ɓangaren kiɗan kantiri, wanda ake ɗauka na mutanen karkara ne. Ɗan ƙanwata da ke karatu can ya ce abokansa ko sunan ba su sani ba, sai dai kakanninsu. Nan kuwa Musulmi da Kirista kowa nasa ne. A ganina dalilin a fili yake: Turancinsa a tsanake, ba hayaniya, ba batsa, ko gaban surukinka sai ka kunna. Ba mu kaɗai ba ne ma, don a 1997 har Harare, babban birnin Zimbabwe, ya je ya yi wasa.

Inda shagon ya gaza, a wurin yaron nan duk Bature mai kaurin murya Don Williams ne. Na tsinci Kenny Rogers a ciki, da Jim Reeves wanda ya rasu a hatsarin jirgin sama tun 1964. Wasu daga tsohon kaset aka kwafo, kana jin shuuu a ƙarƙashin jita. Sunayen waƙoƙi babu, sai lambobi.

Ka sa ya kunna maka a sifika kafin ka biya. Kuma kada ka je da filashin da ke ɗauke da takardunka, nawa da bairos ya dawo gida.