Gara, Danshi da Ɓera: Abin da Mai Gida Zai Auna Kafin Ya Kashe Kuɗinsa

Duk shekara, da zarar ruwan farko ya sauka, shinge ya fara kewaye ƙwan lantarki da daddare, masu gidaje sukan tuna da gara, su nufi kasuwa neman maganin feshi. Shingen nan gara ce mai fukafukai da ta fito neman wurin kafa sabuwar sheƙa, kuma ganinsa da yawa a tsakar gida alama ce cewa akwai tsohuwar sheƙa a kusa. Sai dai a ganina kwalbar magani ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a saya, domin gara danshi take bi, kuma gidan da ƙasansa da bangonsa suke jiƙe zai ci gaba da kiranta komai yawan feshin da aka yi masa.

A gidanmu na gane haka. Firam ɗin ƙofar ɗakin ajiya yana nan da fentinsa lafiya ƙalau, amma da na ƙwanƙwasa shi sai ya amsa kamar kwali, na danna da kan makulli ya burma, na tarar da cikinsa cike da jar ƙasa mai laima. Da muka janye kabad, muka ga wata siririyar hanyar ƙasa da ba ta wuce kaurin fensir ba, ta hau bango tun daga daɓe, daidai inda bututun banɗaki ya daɗe yana ɗiga a ɗaya gefen. Kafin ranar an yi mana feshi har sau biyu, babu wanda ya tambayi daga ina ruwan yake zuwa.

Saboda haka zaɓi na farko a kan danshi yake. Wanda yake kan gini ya fi kowa sa'a, don a hannunsa dama mafi araha take: a ɗaga tushen gini sama da ƙasar waje da aƙalla inci 6, a yi ciko a daddale shi sosai, a shimfiɗa leda mai kauri, sannan a zuba kankare a kai gaba ɗaya, wato abin da magina ke kira jamanfulo. Wasu birkiloli kan ce ba dole ba ne, a zuba kankare a kan layin bulo kawai, a bar daɓen sai daga baya. Lallai hakan ya fi sauƙin kuɗi a ranar, amma a filin da yake fadama ko tsohon kududdufi da aka cike, irin waɗanda suka yi yawa a sababbin unguwannin manyan biranenmu, ruwan ƙasa zai hau ta cikin bulo kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. A duba ledar ma da kyau. Siririyar leda da ake sayarwa da rahusa takan yage tun ma'aikata suna taka ta, kuma leda mai huda ba ta tare komai. Inda gefe biyu suka haɗu, a ɗora ɗaya a kan ɗaya da faɗi.

Gidan da aka riga aka gina shi ne inda ake yawan asarar kuɗi. Idan fenti ya fara kumbura a ƙasan bango, wani farin gari kamar kanwa ya fito, shawarar da aka fi ba mutum ita ce ya manna tayil zuwa tsayin ƙugu. Tayil yana ɓoye tabon, amma yana hana bangon shan iska, don haka danshin yakan haura ya ɓullo a samansa bayan damina ɗaya ko biyu. Fenti mai hana ruwa ma haka yake idan daga ƙasa ruwan yake tasowa. Sabuwar fulasta da aka haɗa da sinadarin hana ruwa ta fi su amfani, da sharaɗin a kankare tsohuwar har a wuce inda tabon ya tsaya, a bar bangon ya bushe. Duk da haka, kuɗin da ya fi yin aiki shi ne wanda aka kashe a waje: a sa mazurari a bakin kwano don kada ruwan rufi ya riƙa zuba a gindin bango, a yi daɓen siminti mai gangara kewaye da gida, a gyara kwata ta riƙa fitar da ruwa, a kuma tabbatar sokawe ba ya tsatsafowa.

Ginin ƙasa yana da nasa hukunci. Fulastar siminti a kan bangon tubali takan rabu da shi a hankali, ruwa ya shiga bayanta ya kasa fita, gara ta yi ta aikinta a ɓoye. Yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, yana bukatar sabuntawa lokaci zuwa lokaci, amma yana barin bango ya bushe, kuma doguwar indararo tana jefa ruwa nesa da gindinsa. Magabatanmu sun san wannan sarai, shi ya sa suke ɗora rumbu a kan duwatsu, iska tana ratsa ƙarƙashinsa, mai shi kuma yana iya leƙawa ya ga hanyar gara tun ba ta kai ga hatsi ba. Duk wanda yake da shagon katako ko kwantena da aka ɗora a kan bulo, ya bar ƙarƙashin a buɗe kuma a share, kada ya mayar da shi ma'ajiyar kwali da guntayen katako.

Sai batun katakon rufi da ƙofofi. Azarar giginya ta yi suna wajen jure gara, shi ya sa ake samun tsofaffin soraye da suka daɗe a tsaye. A kasuwar katako kuwa, iroko da maɗaci suna da juriya amma suna da tsada, yayin da farin katako mara nauyi irin obeche yake abincin gara idan ba a yi masa magani ba. Kafintoci da yawa suna shafa baƙin mai saboda arha. Yana ɗan taimakawa na wani lokaci, amma ba ya ratsa cikin katako, yana ɓata silin da tabo, kuma ba a yi shi don wannan aiki ba. Maganin katako na ainihi, irin su Solignum, ya fi shi, musamman idan an jiƙa katakon a ciki maimakon a shafa da buroshi sama-sama, kuma aka sake shafa duk bakin da zarto ya yanka. Ƙarafunan rufi a madadin katako da firam na ƙarfe ko alminiyam sun fi tsada a farko, amma sun raba mutum da wannan fargaba, kuma ga wanda yake da hali ni su zan zaɓa a wurin da suri ya yi yawa.

Idan an zo ga maganin gara da ake zubawa a cikin ƙasa, akwai iri biyu da ya kamata mai saye ya bambance. Akwai masu korar gara, irin su bifenthrin, waɗanda suke zama kamar shinge a cikin ƙasa, amma idan an bar gurbi ko kaɗan gara za ta same shi ta bi. Akwai kuma irin su fipronil da imidacloprid, waɗanda gara ba ta jin su, sai ta ratsa ta kwashi maganin a jikinta ta kai wa 'yan uwanta. Ga gidan da gara ta riga ta shiga, iri na biyu ya fi dacewa. Chlorpyrifos ya daɗe a kasuwa, amma Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a 2020 saboda illarsa ga lafiya, musamman ga ƙwaƙwalwar yara, kuma wannan kaɗai ya isa mai iyali ya nemi wani. Gamalin da ire-irensa na da an hana su, kada a karɓa ko da kyauta ne. A karanta sunan sinadarin a jikin kwalba, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji duk abin da aka ɗura a robar ruwa babu suna. Fiya-fiya yana kashe abin da ya taɓa nan take, amma ba ya kai wa ga sheƙar da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma shaƙarsa a ɗaki haɗari ne. Ƙwayar da ake sa wa buhunan hatsi, mai fitar da iskar guba, ba ta da wuri a gidan da mutane suke kwana, don tana kisa ko daga ɗakin da ke maƙwabtaka ne.

Tone suri a fitar da sarauniya yana iya yin aiki ga garar da ke gina suri, amma akwai nau'o'in da sheƙarsu take warwatse a ƙarƙashin ƙasa ba tare da wata alama a sama ba, don haka kada a ɗauka an gama da an rushe surin bayan gida.

Tsakanin yi da kai da kiran masu sana'ar, lissafin a bayyane yake. Feshin ƙasa kafin a zuba kankare abu ne da mai gini zai iya tsayawa a kai da kansa, a yi shi a busasshiyar ƙasa, a rufe da leda a ranar. Gidan da ake ciki kuwa yana bukatar a haƙa rami a gindin bango ta waje, a huda daɓe ta ciki a jere, a ɗura magani da famfo, sannan a toshe hudojin, kuma wannan aikin ƙwararru ne. A tambayi mai aikin sunan sinadarin da zai sa, lita nawa zai haɗa, ta yaya zai kai shi cikin ƙasa, da wa'adin da zai rubuta cewa zai dawo kyauta idan gara ta sake ɓullowa. Wanda ya zo da tankin goyo ya fesa bango da labule ya ce ya gama, maganin sauro ya yi. Idan akwai rijiya ko tafkin kifi a gidan, a faɗa masa tun farko, domin fipronil guba ne ga kifi da ƙudan zuma.

Ɓera ba a raina shi, tunda wani nau'insa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno. Guba mai kashewa nan take ita ce mafi haɗari ga yara da kaji da kyanwa, wadda take aiki a hankali kuma takan sa ɓeran ya mutu a cikin silin ya dami gida da wari. Tarko ya fi tsabta, amma duk ba su kai toshe hanya ba: ragar ƙarfe a bakin kwata da tagogin iska, falan ƙarfe a ƙasan ƙofa, siminti a kewayen bututu, da ajiye hatsi a durom mai murfi. Ragar roba tana tare sauro, amma ɓera yana cinye ta. Jemagu a cikin rufi ba sa bukatar guba, a jira su fita da magariba a toshe kafar da ke tsakanin kwano da bango, a lokacin da ba su da 'ya'ya a ciki. Maciji kuwa ɓera da kwaɗi yake bi, don haka share ciyawa da ɗauke tarin bulo da itace daga jikin bango sun fi duk wani garin korar maciji da ake talla.

Lokacin rani ya fi dacewa da aikin fulasta da na maganin ƙasa, saboda bango ya bushe kuma ruwa ba zai wanke maganin ba. Binciken kuwa a watan Agusta ake yin sa, lokacin marka: a fita ana tsakar ruwa a kewaya gidan, a ga inda yake kwanciya da inda yake dukan bango, a sa alama da gawayi, a ajiye wa birkila har damina ta ɗauke.